Yadda Na Koyi Haɗa Harsashin Farauta a Ohio, da Inda Neman Ƙarin Ƙarfi Ya Kai Ni

Shekara tara ke nan ina zaune a Columbus, babban birnin jihar Ohio ta Amurka, kuma tun da na baro gida ban taɓa kawo wa raina zan yi farauta ba. Kakana mafarauci ne, da bindigar toka yake shiga daji, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, mu yara muna ce mata harba-ka-ruga. Abin da ya tayar mini da tsohon tsumi wani dattijon Bature ne da muke gyaran injina tare. Wata rana ya kawo mini naman barewa a leda, na yi godiya na ce ba zan iya ci ba sai wadda aka ambaci sunan Allah wajen harbinta. Ya yi dariya ya ce to ai sai ka zo ka harbi taka. Daga nan maganar ta faro. Tun kafin in yi nisa bari in faɗi abu biyu. Duk abin da zan ba da labari a Ohio aka yi shi, inda doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi da kansa, amma ba ta yarda ya sayar ba sai da lasisin gwamnatin tarayya. A gida Najeriya kuwa wannan aiki laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Na biyu, ba zan rubuta nauyin albarushin da nake zubawa ba ko sau ɗaya, dalilin zai fito a gaba.

Matakin farko ba bindiga ba ce, aji ne. Wanda bai taɓa yankar lasisin farauta ba a Ohio sai ya yi kwas ɗin koyon farauta tukuna, ko kuma ya yanki lasisin ɗan koyo ya riƙa bin wani mai cikakken lasisi. Ni na zaɓi ajin. Kyauta ne, 'yan sa-kai ke koyarwa a ƙarƙashin sashen kula da namun daji na jihar, muka yi Asabar da Lahadi a zauren wata ƙungiyar mafarauta. Yawancin 'yan ajin yara ne 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, ni da furfurata a tsakiyarsu, har wani yaro yana nuna mini yadda ake tsallake shinge da bindiga a hannu. A ƙarshe aka yi jarrabawa aka ba ni kati. Da katin na yanki lasisin shekara a kan dala 19, takardar izinin harbin barewa ɗaya kuma ta ci dala talatin da 'yan kai. A ajin ne na fahimci dalilin da ya sa dattijona ya nace in sayi bindiga mai cin harsashin fistol. Yawancin Ohio ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonaki da gidaje kusa da juna, don haka shekara da shekaru ba a yarda a harbi barewa da doguwar bindiga mai cin nisa ba. Sai a 2014 aka buɗe ƙofa ga bindigogin da kwanson harsashinsu miƙaƙƙe ne, ba mai siririn wuya ba, daga girman .357 zuwa .50. Kuma ko bindigarka na ɗaukar harsashi goma, a dajin barewa uku kawai aka yarda ka sa.

Sayen bindigar ya ɗauke ni kwana uku. Na zaɓi mai liba, wato wadda ake tura mariƙinta ƙasa a dawo da shi, ta tofar da tsohon kwanso ta ɗauko sabon harsashi daga wani bututu da ke kwance ƙarƙashin bututun harbi. Ƙirar ta tsufa ƙwarai, tawa kwaikwayo ce ta Winchester samfurin 1892 da John Browning ya tsara, sai dai an yi ta ne don harsashin .357 Magnum, wanda ya fito a 1935 domin fistol mai juyawa. A shagon na miƙa lasisin tuƙi da katin zama na dindindin, na cike fom mai lamba 4473, mai shago ya aika da bayanaina don a bincika. Amsa iri uku ake bayarwa: a ba shi, a dakata, ko a hana. Tawa ta fito a dakata. Gabana ya faɗi, na koma gida ina ta lissafin ko akwai wata tarar mota da na manta. Mai shagon ya ce kada in damu, hakan na faruwa idan suna ya yi kama da na wani. Rana ta uku ya kira, na biya dala ɗari takwas da wani abu na ɗauko. Uwargida ta dube ni ta ce, "Baban yara, wannan abin ba zai kwana a gidan nan ba sai da akwatin ƙarfe mai makulli." Ta fi ni gaskiya, akwatin ya ƙara cin dala ɗari biyu.

Watanni biyu na yi ina harba harsashin kanti a filin koyon harbi na gwamnatin jiha da ke arewa da Columbus, inda ake yankar izinin shiga na rana ko na shekara. Can na fara jin maganar da ta ja ni cikin wannan aiki. Harsashin da aka yi wa fistol, in ka sa shi a doguwar bindiga, gudunsa ƙaruwa yake yi. Dalma mai nauyin giren 158, wato giram goma da ɗan ɗori, tana fita daga fistol da gudun ƙafa 1,250 ko kusa da haka a daƙiƙa guda. A bututu mai tsawon inci 20 sai ta kai ƙafa 1,700 har ta wuce, saboda hayaƙin albarushin ya sami wurin da zai ci gaba da tura ta. Sai na ce a raina, in haka ne, wanda ya haɗa nasa ya ƙara albarushi ai zai mayar da ita bindigar giwa. Na shiga intanet, na tarar da mutane iri-iri suna cewa doguwar bindiga ta fi fistol ƙwari, don haka ana iya wuce abin da littafi ya ce. Na kai wa dattijona wannan magana ina murna. Bai ce mini komai ba, sai ya ce in zo gidansa ran Asabar.

A ɗakin ƙasa na gidansa ya zaunar da ni, ya ajiye mini littattafai uku na kamfanonin da ke yin dalma da albarushi, ya ce ba zan taɓa inji ba sai na karanta babin farko na kowanne. Harsashi abu huɗu ne: kwanso na tagulla, 'yar ƙyastu da ke gindinsa wadda allurar bindiga ke dauka ta ba da wuta, albarushi, sai dalmar da ke fita. Sannan ya nuna mini lambar da komai ke rataye a kanta. Akwai ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, SAAMI, da aka kafa tun 1926, ita ke yanke iyakar matsin da kowane harsashi zai haifar a cikin bindiga. Na .357 Magnum laba 35,000 ne a kan kowane murabba'in inci, na .44 Magnum 36,000, na .38 Special kuwa 17,000 kacal. Ya ce mini wannan iyaka ba ta san doguwa ko gajeriya ba, domin kwanson tagullar ɗaya ne, kuma harsashin da ka haɗa yau ba ka san a bindigar wa zai ƙare ba gobe. Ya kawo misali da .45 Colt, wanda iyakarsa 14,000 ce. Akwai bindigogin zamani da ke jure fiye da haka nesa ba kusa ba, amma in wannan harsashi mai zafi ya faɗa cikin ƙirar Winchester 1873, wadda makullinta, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi lokacin harbi, gwiwa ce mai lanƙwasa, to fuskar maharbi ce a bayan makullin. A cewarsa ƙarin gudun da nake nema ba daga yawan albarushi yake zuwa ba, daga irinsa ne. Mai saurin ƙonewa yana gama aikinsa tun dalma ba ta yi nisa ba, mai jinkirin ƙonewa irin su H110 da 2400 shi ke raka ta har bakin bututu.

Sayen kaya shi ne inda na fi shan wahala, don a 2022 ne, ƙarancin da ya biyo bayan annobar korona bai gama wucewa ba. Injin matsawa da sikeli da mazubin albarushi na same su a kwali ɗaya kusan dala ɗari huɗu. Ƙarafa uku da ake ɗaura wa injin, na mayar da kwanso girmansa, na buɗe masa baki, da na zaunar da dalma, dala hamsin. Ma'aunin tsayi dala talatin. Amma 'yar ƙyastu ta zama gwal. Shago biyar na zaga, a na ƙarshe aka ce mota na zuwa ran Alhamis, kuma ba a sayar wa mutum ɗaya fiye da ɗari biyu. Na je ƙarfe bakwai na safe cikin sanyi na tarar da layi. Na so in yi oda ta intanet, sai na ga albarushi da 'yar ƙyastu ana ɗora musu kuɗin jigilar kaya masu haɗari, wanda in kayanka kaɗan ne ya kusa kai rabin kuɗinsu. A ƙarshe mu uku muka haɗa oda ɗaya muka raba. Albarushin laba ɗaya ya zo mini a dala arba'in da biyar. Laba ɗaya giren 7,000 ce, ka ga ke nan giren ɗaya ɗan mitsitsi ne, kuma a wannan aikin har kashi ɗaya cikin goma na giren ana lissafawa. Wanda ya ce maka haɗa harsashi sauƙin kuɗi ne, tambaye shi nawa ya kashe kafin ya harba na farko.

Hamsin ɗin farko da na haɗa, uku kawai bindigar ta yarda ta ɗauka. Na sayi dalma mai nauyin giren 180 don na ji an ce ta fi ratsa nama, na zaunar da ita yadda ido ya ga ya yi kyau. A filin harbi na ja liba, ta tsaya cak a rabi. Ashe harsashin ya zarce tsawon da aka yanka masa, inci 1.590, kuma 'yar tiren da ke ɗago harsashi daga bututun ajiya ba ta yafe ko kaurin gashi. Fistol mai juyawa kan haƙura da irin wannan, mai liba ba ta haƙura. Sai da muka kwance murfin bututun muka zazzage su. A nan ne kuma dattijon ya lura da abin da ya fi wannan muni: biyu daga cikin waɗanda suka fito, dalmarsu ta nutse cikin kwanso. Ban matse bakin kwanson sosai a cikin zoben da aka yi wa dalmar ba, ga sifirin na tura su daga gaba, ga jijjigar harbi. Dalma in ta nutse, wurin albarushi ya ragu, matsi ya yi sama ba tare da ka ƙara ko ƙwaya ba. Wannan bututun ne kuma dalilin da ya sa ba a sa dalma mai tsini a irin wannan bindiga, don harsasan a jere suke, hancin na baya yana kan 'yar ƙyastun na gaba. Sai mai faffaɗan kai, ko irin mai kan roba mai laushi da kamfanin Hornady ke yi, wadda ita ma sai an ɗan rage tsawon kwanso kafin ta zauna daidai. Na kwana biyu ina cire dalma ɗaya bayan ɗaya da wata 'yar gudumar roba.

Ranar da ba zan manta ba ta zo bayan wata ɗaya. Daren da na haɗa harsasan, ina tsakiyar zuba albarushi aka kira ni daga gida, yayata ce, maganar bikin 'yarta. Na amsa da waya a kafaɗa ina ci gaba da aiki. Washegari a filin harbi, harbi na bakwai, maimakon ƙara sai na ji "fut", kamar an buɗe kwalbar lemo. Hannuna ya riga ya ja liba, sabon harsashi ya shiga, yatsana na kan kunama. Mai kula da filin ne ya daka tsawa daga bayana ya ce in ajiye. Muka cire harsashin, ya zura sanda ta baki, sai ga ta ta tsaya. Kwanso ɗaya ban zuba masa albarushi ba, ƙarfin 'yar ƙyastu kaɗai ya tura dalmar inci uku cikin bututu ta maƙale. Da na harba na biyu a kanta, Allah kaɗai Ya san abin da zai rage na bindigar da hannuna na hagu. Na zauna a benci gwiwoyina na rawa, ina ta maimaita Innalillahi. Mutumin bai yi mini faɗa ba, ya ce kusan duk mai wannan aiki ya taɓa yi sau ɗaya, abin da ake so kada a yi na biyu. Tun daga ranar waya ba ta shiga ɗakin, kuma kafin in ɗora dalma sai na jera kwansayen a faranti na haska tocila na leƙa cikin kowanne, in ga albarushin ya tsaya a layi ɗaya. Wannan leƙen shi ke kama wanda babu komai a ciki, shi ke kama wanda aka zuba wa sau biyu.

Sai da na yi wata uku ina haɗa na ƙasa-ƙasa kafin dattijon ya yarda mu fara hawa. Ka'idar ita ce ka fara daga mafi ƙarancin abin da littafi ya ba da don wannan dalmar da wannan albarushin da wannan 'yar ƙyastun, ka haɗa biyar, ka ƙara ɗan kaɗan ka haɗa wasu biyar, haka har kusa da iyaka, kowane rukuni da takardarsa. Ya kuma ja mini kunne cewa wasu albarusan masu jinkiri, H110 na cikinsu, ba a rage su ƙasa da inda littafi ya fara, domin ba sa kama wuta daidai in sun yi kaɗan. Wato kuskure ta sama da ta ƙasa duk akwai. Muka kafa na'urar auna gudu a gaban benci, ina harbi yana rubutawa. Rukunin farko ya ba da ƙafa 1,600 da ɗoriya. Na uku ya haura 1,700, kuma biyar ɗin suka taru a allo a nisan yadi hamsin, tafin yaro zai rufe su. Na huɗu da na biyar, waɗanda na ɗora wa buri, gudun da suka ƙara bai kai ƙafa hamsin ba, ramukan suka warwatse, ƙarar ta ƙaru, wuta na fita a baki. Na ce ai ban ga wata alama a kwanson ba. Ya ce kada in dogara da wannan, miƙaƙƙen kwanso ba ya nuna alama da wuri, kafin ka ga 'yar ƙyastu ta baje ko kwanso ya tsage, ka daɗe da wuce gona da iri.

Duk da haka ban ji ba, kuma wannan ne kuskuren da na fi jin kunyarsa. Na haɗa ashirin a kan iyakar littafi daidai, ban wuce ba, na ce ai halal ne. A watan Maris na gwada su ana sanyi, lafiya lau. Ragowar goma suka zauna har Yuli, na bar su a cikin mota rana ta gasa su, na zo na harba. Na farko liba ta yi tauri. Na biyu sai da na sa ƙarfi kafin ta buɗe. Zafi na ƙara wa albarushi kuzari, kuma irin wannan bindiga makullinta a baya yake, yana ɗan ba da kai a lokacin harbi, kwanso ya miƙe ya kama bango. Na tsaya a na biyun, na kai takwas gida na warware su. A ranar na gane cewa iyakar da ke littafi an same ta ne a bututun gwaji na kamfani, da nasu kwanson, a nasu yanayin, tawa bindigar tana iya isa iyakarta tun kafin nan. Shi ya sa ban rubuta adadi a nan ba: wanda ya yi daidai a tawa yana iya zama sharri a taka, kuma kamfanonin albarushi suna wallafa nasu alƙaluman kyauta, waɗanda aka auna da na'urar matsi, ba da ido ba.

Ga wanda ke zaune a nan yake son shiga wannan harka, abin da zan ce masa kaɗan ne. Ya nemi wanda ya daɗe yana yi ya zauna kusa da shi, domin littafi ba zai daka maka tsawa ba in ka ji "fut". Ya sayi na'urar auna gudu tun da wuri, ita ce kawai ke gaya maka gaskiya, in ka ga gudunka ya wuce na littafi to matsinka ma ya wuce. Gwangwanin albarushi ɗaya kawai a kan tebur, a rubuta komai a littafin ajiya, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko yara saboda gubar dalma. Ya kuma kula da zaɓen dalmar fiye da gudunta. Da yawa masu rami a ka an yi su ne don gudun fistol, a gudun doguwar bindiga sai su tarwatse a kan fata ba su kai ga huhu ba, ka raunata dabba ta tafi ta mutu a banza, wanda ko a addini ba abin so ba ne. In kuma abin da kake so bindiga mai kai yadi ɗari biyu ne, kada ka takura wa .357, akwai .45-70 da .350 Legend a kanti, dukansu doka ta yarda da su a Ohio.

Ni dai rukuni na uku na koma, wanda ke ƙasa da iyaka, da dalma mai faffaɗan kai. Lokacin harbin barewa da bindiga yana buɗewa ran Litinin da ke biye da bikin Godiya na Amurka, wanda ke zuwa a ƙarshen Nuwamba, mako guda ake yi. Ran Laraba da sassafe ina zaune a gefen gonar masarar wani abokin dattijon, sanye da rigar ruwan lemo da doka ta wajabta, sanyi ya kashe mini yatsu, sai ga barewa mace ta fito daga cikin itatuwa a nisan da bai wuce yadi sittin ba. Na yi bismilla na harba. Ta yi tsalle biyu ta faɗi, na isa da sauran rai na yanka, kamar yadda malaminmu na masallaci ya ce in yi. Na cike takardar izinin, na sanar da hukuma ta waya aka ba ni lamba. Dattijon ya zo ya duba inda dalmar ta shiga da inda ta fita, ya gyaɗa kai. Cinya ɗaya na ba shi, ɗaya uwargida ta yi dambu da ita, aka raba wa gidaje huɗu na 'yan uwanmu da ke unguwar.